Santsi a Ƙofar Gwaggo

Ni na shimfiɗa dutsen nan da hannuna, don haka kada wani ya ɗauka laifin wasu na zo tonawa in wanke kaina. Na fi shekara ashirin ina wannan sana'a, gwiwoyina duk sun yi kanta, kuma abin da na fara koya tun kafin in iya riƙe cokalin gini shi ne kowane falalen dutse fuska biyu gare shi. Akwai wadda inji ya yanka, sumul kamar bayan faranti. Akwai kuma wadda ta tsage da kanta, mai kaushi. Mai kaushin ake juyowa sama, don ita ke riƙe tafin ƙafa idan wuri ya jiƙe. Mai santsin ƙasa take kallo, ta kwanta a kan siminti. Ko leburan da ya fara aiki shekaranjiya ya san wannan.

Gidan babba ne, filin bayansa kuma ƙasa ce zalla. Maigidan yana so a mayar da filin wurin shan iska, inda zai riƙa zama da baƙinsa da yamma, ga furanni ga kujeru. A ƙarshen filin, jikin katanga, akwai wani ɗan ɗaki mai taga ɗaya. Nan gwaggonsa take zaune, yayar mahaifinsa, tsohuwa mai ciwon gwiwa wadda yanar ido ta rufe wa gani, ba ta bambance komai sai haske da duhu. Banɗakinta yana can ɗaya kusurwar. An ɗaura igiyar shanya daga ƙusar da ke bakin ƙofarta har ƙofar banɗakin, ita take kamawa da hagu, sanda a dama, tana tafe tana ƙirga taku.

Ranar da na fara aiki tana zaune a bakin ƙofa, ta juyo da kunne wajena.

"Kai ne mai dutsen?"

"Ni ne, Gwaggo. Ina kwana?"

"Lafiya lau. Daga jin takunka ba ka wasa da cikinka." Ta yi dariya har da tari. "To a yi aiki lafiya. Taku ashirin da biyu ne daga nan zuwa can, kada ka ƙara mini ko ɗaya. Kuma kada ka taɓa mini igiya."

Na ce mata ba mai taɓawa.

Kwana huɗu na yi ina haƙa, ina zuba tsakuwa, ina daɓewa. Na ja zare na fitar da gangare yadda ruwa zai bi ya faɗa kwata. Duk inda na haƙe sai in jera katakai ƙarƙashin igiyar don ta samu hanya, ita kuwa in ta zo wucewa sai ta ƙwanƙwasa katakon da sanda ta ce, "Gadar mai dutse." Rana ta biyar na fara shimfiɗa. Na kwantar da goma sha ɗaya ke nan, ina bubbuga na sha biyu da gudumar roba, sai ga matar gidan ta fito da waya a hannu. Ta tsaya a kaina, ta yatsine fuska.

"Malam, wannan fa? Ya na ga wurin kamar bakin rafi?"

"Haka dutsen yake, Hajiya. In an gama aka cike tsakaninsa za ki ga kyansa."

"Ni ba irin wannan na ce ba." Ta miƙo mini wayar, hoton wani fili ne yana ƙyalli har inuwar kujeru ta fito a ƙasa. Tana cikin magana idonta ya sauka a kan wani falale da na jingina da baro, bayansa na waje. Ta shafa shi da yatsa. "Ikon Allah! Ga mai kyan nan, shi ne kake kife mini shi a ƙasa?"

Na yi mata bayani dalla-dalla. Na ɗebo ruwa a kwano na zuba a bayan dutsen, na ce ta ɗora takalminta ta ji. Ba ta ɗora ba.

"Mu yara ne da za mu faɗi?"

"Akwai Gwaggo, Hajiya. Ta nan take bi."

"Gwaggo ai da sandarta."

Da yamma Maigidan ya dawo, na tare shi tun bai gama rufe mota ba. Ya saurare ni yana duba agogo.

"Kai dai yi mata abin da take so, ni ba na son hayaniya a gidana. In kuma ba za ka iya ba ka faɗa, masu dutse ba su ƙare ba."

Nan ne wurin da ya kamata in tattara kayana. Ban tattara ba. Tsoro na ji, tsoron a ce an kore ni daga babban gida maganar ta zaga, gobe a daina kirana. Na ce wa kaina in ban yi ba wani zai yi, wataƙila ma wanda ko gangare bai iya fitarwa ba. Da wannan na lallashi zuciyata, na ɓamɓare sha biyun nan tun siminti bai gama kamawa ba, na juya su. Haka na bi filin duka. Da na gama, matar gidan ta sa aka kawo man sheƙi galan biyu, na shafa shafi biyu. Wuri ya yi kyau, ba zan yi ƙarya ba. Maigidan ya fito ya zaga, ya jinjina kai, sannan ya ɗaga ido ya ga igiyar.

"Wa zai zauna shan iska a ƙarƙashin igiyar shanya?"

Da kansa ya karɓi gudumata ya zare ƙusar.

Aikina bai ƙare ba, saura in kewaye gadajen furanni da dutse in kuma lulluɓe katangar, aikin mako uku. Shi ya sa duk abin da ya biyo baya a kan idona aka yi shi.

Mai lambun gidan, wani dattijo marar yawan magana, an ba shi umarni ya riƙa wanke dutsen da tiyo kullum da safe, da yamma kuma in ya ba furanni ruwa ya sake ɗauraye shi. Washegari da na iso wurin na jiƙe sharkaf. Gwaggo na tsaye a bakin ƙofarta, buta rataye a wuyan hannu, hannun hagunta a sama yana lalube a iska. Ta laluba dama, ta laluba hagu. Sai ta miƙa sanda ta dogara, bakin sandar ya zame ya tafi, ta yi baya ta rungume ƙyauren. Na yar da shebur na ruga.

"Mai dutse," ta ce, "ina ƙasar ta tafi?"

"Tana nan, Gwaggo. Kama hannuna."

Ta kama. Farcenta ya nutse a damtsena. Ba ɗaga ƙafa take yi ba, ja take yi, tana salati a hankali, jikinta duka na ɓari. Ni kaina da nake da ido da ƙafa sai da na cire takalmi. Da muka kai ƙofar banɗakin ta sake ni ta juya mini baya.

"Je ka can nesa. Yau ni ce namiji baƙo ya kawo banɗaki."

Ranar nan na sake samun Maigidan. Na ce a bar ni in ɗaga layi ɗaya jikin katanga in juya shi, aikin yini guda ne. Ya ce zai ɓata tsarin. Na ce to a kafa ƙarfe ta riƙa kamawa. Ya ce shawara ce mai kyau, za a duba. Matar gidan ta ce akwai taron abokansa da za a yi na buɗe wurin nan da mako biyu, a bari sai bayan taron, ba za ta yarda a zo a ga ƙarfe kamar asibiti ba. Ta ƙara da cewa ai ga mai aiki nan, duk lokacin da Gwaggo ke son fita ta kira ta. Mai aikin kuwa mace ɗaya ce a kan girki da wanki da sharar bene, kicin ɗin yana can gaban gida. Na sha jin Gwaggo tana kira har muryarta ta dushe, ba wanda ya leƙo.

Na samo tsofaffin buhuna na jera mata daga ƙofa zuwa ƙofa. Yini ɗaya suka yi. Da safe na tarar da su a kwandon shara, mai lambu ya ce mini ba tare da ya dube ni ba, "An ce ƙazanta ne." Gwaggo da kanta ta roƙi a ba ta fo na fitsari ta ajiye a ɗaki. Ina jin amsar matar gidan daga inda nake tsugune.

"Haba Gwaggo, tagarki fa nan take kallo. Warin ai har kan baƙi zai zo. Ki dai riƙa takawa a hankali, sabo ne kawai."

Ranar Laraba ta mako na biyu na yi sammako don in kwaɓa siminti kafin rana ta yi zafi. Ina shigowa bayan gidan na tsaya cak. Gwaggo ce a tsakiyar filin, a kan gwiwoyinta da tafukan hannu, tana rarrafe. Ta tura butar gaba, ta ja jiki ta same ta, ta sake turawa. Zaninta ya jiƙe ya manne mata. Gwiwoyin nan da ko lanƙwasa su ba ta iya yi sai da kuka, su take ja a kan dutse, kuma ta saki hanya, kan gadon furanni ta nufa ba banɗaki ba. Na kasa motsi. Ina tsoron in yi magana ta san na gan ta, ina tsoron in yi shiru ta faɗa cikin ƙaya.

Taga ta buɗe a sama.

"Gwaggo! Me ke nan haka? So kike a shigo a ce wulaƙanta ki muke yi?"

Tsohuwar ta daskare a inda take, kanta a sunkuye.

"Wallahi da gangan take yi," matar gidan ta ce da wani a cikin ɗakin. "Don dai ta ja mana magana. Jiya ba da ƙafarta ta je ba?"

Na je na ɗaga ta. Ba ta da nauyin buhun siminti ɗaya. Na kai ta ƙofar banɗakin. Daga ranar ba ta sake rarrafe ba, har na fara murna ina zaton mai aikin ce ta samu lokacinta.

Sai na lura da jug ɗin. Kullum da safe mai aiki na ajiye mata jug na ruwa da kofi a bakin ƙofa tare da abinci. Da azahar in na duba yana nan cike. Da la'asar ma haka, sai ƙura da ta kwanta a murfin. Abincin ma tsakura take yi, ta ture mai romo ta ɗan ci busasshen. Na tsuguna kusa da ita na zuba ruwa a kofi.

"Gwaggo, ga ruwa. Zafin yau ya yi yawa."

"Ba na jin ƙishi."

Leɓɓanta sun tsattsage, harshenta na mannewa in tana magana. Na matsa mata. Ta laluba ta kama hannuna ta ture kofin a hankali, ta rage murya kamar mai faɗin sirri.

"Mai dutse, in ban sha ba, ba sai na je ba. Yanzu sau ɗaya nake zuwa, da rana tsaka in wurin ya bushe. Jiya ma ban je ba sam." Ta yi ɗan murmushi, wai ita ta samo dabara. "Kada ka faɗa musu, za su ce rigima ce."

Na faɗa. A bakin mota na sake tare Maigidan. Na ce Gwaggo ta daina shan ruwa saboda tsoron dutsen nan.

"Tsufa ne," ya ce. "Tsofaffi haka suke, sai ka yi haƙuri da su. Ruwa ba ga shi nan a gabanta ba? Wa ya riƙe mata hannu?"

"Ranka ya daɗe, layi ɗaya kawai zan juya."

"Na ce maka bayan taro. Kai mai dutse ne ko likita?"

Tun daga nan ban sake samun natsuwa ba. Kullum in na shigo, ƙofarta nake fara kallo, gabana na faɗuwa har sai na ji tarinta. Ina sara dutse ina kasa kunne. Sau biyu na daki yatsana da guduma. Matata a gida ta tambaye ni ko wani abu ke bina, don ko abinci na zauna ci sai in tsura wa kofin ruwa ido. Wata safiya na zo da injin gurza a jaka, na ce ko me za a yi sai dai a yi, zan kankare mata hanya mai faɗin taku ɗaya. Na jona wuta, na durƙusa a bakin ƙofarta. Mai lambu ya dafa kafaɗata.

"In ka taɓa shi, ni da kai duka za mu bar gidan nan yau. Ni kuma ba ni da inda za ni."

Na ɗaga kai, labulen sama na motsi. Na zare wayar, na naɗe, na mayar da injin jaka. Ina da ƙarfin ɗaga dutsen da mutum biyu ke ɗauka, amma ranar nan na tabbatar ni matsoraci ne.

Ranar taron aka ce in tsaya ko za a buƙaci wani gyara. Tun azahar matar gidan ta je ta ja wa Gwaggo ƙofa, ta ce ta huta a ciki har baƙi su watse, hayaniya za ta dame ta. Aka wanke dutsen, aka jera kujeru. Baƙi suka zo suna ta yabo, wani ya ce kamar a otal. Can sai wata mata mai dogon takalmi ta taka inda ruwan furanni ya gangaro, ƙafarta ta zame, mijinta ya tare ta. Ko ƙasa ba ta kai ba. Maigidan ya miƙe zumbur yana ba da haƙuri, ya daka wa mai lambu tsawa. Kafin minti biyar an fito da doguwar darduma daga falo an shimfiɗa ta daga ƙofar gida har wurin kujeru. Ashe akwai darduma a gidan, kuma ba ta ɓata tsarin ba. Baƙi na tafiya aka naɗe ta aka mayar ciki.

Taro ya wuce. Na tuna wa Maigidan, ya ce ya gaji, sai mako mai zuwa.

Kwana biyu da taron na yi sallama a ƙofarta ban ji tari ba. Na ƙara sallama. Na tura ƙofar. Tana kwance a gefen katifa, idanunta sun faɗa, fatar hannunta in ka ja sai ta tsaya a tsaye. Na kira ta, ta buɗe baki da ƙyar.

"Wurin ya bushe?"

Na fita ina ihu. Ni da mai lambu muka ɗauko ta a cikin zaninta, ba takalmi, muna jan ƙafa a kan jiƙaƙƙen dutsen kamar yadda take yi. Da yake a hannuna take, da ni aka tafi asibiti. Likitan, wata mace mai gilashi, ta duba ta, ta sa aka ɗaura ruwa, sannan ta fito ta dube mu ɗaya bayan ɗaya.

"Ƙodarta ta tsaya. Kwana nawa matar nan ta yi ba ta sha ruwa ba? Wa ke kula da ita?"

"Likita, a gidana take," in ji Maigidan. "Ba ta rasa komai ba. Kullum sai an kai mata ruwa har ƙofa, a tambayi kowa."

Likitan ta juyo gare ni, wataƙila don ta ga siminti a rigata ta rasa me ya kawo ni. Maigidan ma ya juyo. Na ce gaskiya ne, ana kai mata. Iyakar abin da na ce ke nan. Kwana huɗu ta yi a gadon asibiti ta cika.

Ba wanda ya doke ta a gidan nan. Ba wanda ya zage ta, ba wanda ya hana ta abinci. In aka tara mu aka rantsar, kowa zai rantse da gaskiyarsa: matar gidan kyan wuri take so, Maigidan zaman lafiya yake so, mai lambu umarni ya bi, ni kuma aiki aka ba ni. Mu huɗu muka taru muka sa tsohuwa ta zaɓi ƙishirwa a kan ta taka tsakar gidan ɗan ƙaninta, kuma har yau ban ji wanda ya ce shi ne ba. Ni dai na ce, ko da yake na makara.

Da na koma kwashe kayan aikina, masu zuwa gaisuwa sun cika gidan, kuma a filin nan aka zaunar da su don ya fi ko'ina faɗi. An sake fito da dardumar. Ina tura baro ta gefe sai wani mutum mai cikar kamala ya taso ya biyo ni har bakin ƙofa.

"An ce kai ka yi aikin nan. Kai, hannunka na da kyau. Irinsa nake so a bayan gidana, sak, da ƙyallin da komai."

Na ajiye baron. Na ce, "Ranka ya daɗe, akwai tsoho a gidan?"

"Akwai mahaifiyata, ɗakinta na baya. Amma kada ka damu, ba ta fitowa."

"Tun yaushe ta daina fitowa?"

Ya buɗe baki zai ba ni amsa, sai ya tsaya. Ya dubi sama, ya dubi ƙasa, yana ƙirge da yatsu. Na jira shi har wani ya kira shi daga ciki, bai tuna ba.